HMAC, RSA ko Ed25519: wanne ya dace da rasit mai QR?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa wa wata ƙungiyar 'yan albasa a nan Sakkwato manhajar da za ta riƙa fitar da rasit mai lambar QR, masu lodi su duba da wayoyinsu ko da babu netwok. Kana tambaya wanne za ka ɗauka cikin ukun nan, wato HMAC, RSA da Ed25519, hanyoyin buga wa rasit alama ko sa hannu na lissafi don a gane na gaskiya. Abin da zai raba gardama shi ne na'urar da za a yi tantancewar a kanta.

HMAC mabuɗi ɗaya gare shi, da shi ake buga alama, da shi ake dubawa. Yana da sauri, alamar HMAC-SHA256 bayit 32 ce kacal. Amma duk wayar da za ta duba sai ta riƙe mabuɗin. Tamkar ka raba wa kowane mai lodi hatimin ƙungiya ne: wanda ya kwance manhajar ya zaro mabuɗin zai buga nasa rasit, kuma ba mai iya bambancewa. Wurin HMAC tsakanin sabobi ne, wato manyan kwamfutocin da kai ke riƙe da su duka, ba cikin wayar mutane ba.

RSA da Ed25519 mabuɗi bibbiyu gare su. Na sirri yana zaune a sabarka yana sa hannu, na fili kuwa ka saka shi a kowace waya, ba ya iya komai sai dubawa. RSA tun 1977 yake, kusan kowane tsohon tsari ya san shi, sai dai mai bit 2048 sa hannunsa bayit 256 ne. QR zai cushe, ga takardar firintar POS da zafin garin nan ke dusasarwa, ga kyamarar ƙaramar waya. Ed25519 ya fito a 2011, sa hannunsa bayit 64, mabuɗinsa na fili bayit 32. Kuma ba ya neman sabuwar lambar bazata a kowane sa hannu kamar yadda ECDSA na asali, wata hanyar sa hannu, ke nema. Maimaita wannan lambar ne ya tona mabuɗin PlayStation 3 a 2010.

Ni Ed25519 zan ɗauka, ta libsodium, ɗakin karatun manhaja da ya riga ya haɗa lissafin. Don Allah kada ka rubuta lissafin da kanka. RSA sai in wani banki ko tsohon tsari ya tilasta maka, sannan ka yi amfani da salon sa hannunsa mai suna PSS.

Sa hannu ba ya ɓoye komai, duk wanda ya haska QR zai karanta abin da ke ciki, don haka kada ka saka lambar wayar ɗan kasuwa. Abin da kake son ɓoyewa a saba, ka yi amfani da hanyar ɓoye bayani ta AES-GCM ko ChaCha20-Poly1305, amma kada ka maimaita lambar sau-ɗaya da suke nema a kowane ɓoyewa da mabuɗi guda. Kuma rasit na gaskiya da aka yi wa fotokwafi zai wuce tantancewa lafiya lau. Ka sa lambar siriyal da ranar ƙarewa cikin abin da ake sa wa hannu, wayoyin su ajiye waɗanda suka gani, su kai wa saba in netwok ya dawo.