Shagon ɗinkin kujerun mota a Garwa: aikin da suka yi wa cikin wata Peugeot 504 Familiale

Masu ɗinkin kujerun mota ba su da wuyar samu a Garwa da ke arewacin Kamaru, sai dai yawancinsu riga kawai suke ɗinka wa kujera. Su auna, su yanka leda, su zura a kan tsohon soso, su ɗaure ta ƙasa, shi ke nan. Shagon da ake magana a kansa yana cikin 'yan kaɗan da ke karɓar cikin mota gaba ɗaya, daga daɓe har rufi. Maigidan dattijo ne, yana da yara masu koyo da keken ɗinki biyu, ga mai walda a maƙwabtansu. Motar da aka auna aikinsu da ita Peugeot 504 Familiale ce, doguwar nan mai layi uku na kujeru, wadda ta sha jigilar fasinja kafin mai ita na yanzu ya yi niyyar mayar da ita motar gida.

Peugeot ta fito da 504 a 1968, doguwar kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1970. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.90 ne, ƙaramar kuwa 2.74, saboda haka rufinta da daɓenta sun fi tsawo, kuma kayan ƙaramar ba duka ne ke shiga doguwar ba. An daina ƙera ta a Faransa a 1983, amma kamfanin Peugeot na Kaduna ya ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, kuma sitiyarinta a hagu yake kamar namu. Wannan ya sa mariƙin ƙofa, abin murɗa gilas da sauran ƙananan kaya har yanzu ana samunsu na gwanjo ta Yola da Mubi. Rigar kujera da ledar rufi ne ba a samu a shirye, dole a ɗinka.

Abin da ya fara bambanta shagon da sauran shi ne ba su taɓa almakashi ba sai da suka tuɓe motar tas. Da aka ɗaga tsohon kafet, ƙarƙashin ƙafar direba da na mai zaman gaba duk tsatsa ce, har da hudar da yatsa zai shiga. Suka kankare da burushin ƙarfe, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya liƙa sabon ƙarfe, aka shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu. Kafin a kunna wutar walda sun leƙa ƙarƙashin motar sun ga inda bututun mai da na birki suka bi, abin da masu gaggawa kan manta. Sannan suka nemi inda ruwan yake shigowa. Ramin shan iska da ke gindin gilas ɗin gaba yana da magudanar ruwa, kuma ganyen darbejiya da ƙura sun toshe ta, ruwan damina sai ya taru ya malalo ciki. Wanda ya shimfiɗa sabon kafet bai buɗe wannan magudana ba, damina ɗaya za ta ishe shi jin wari. An canza robar ƙofar baya ma, kuma wannan ba maganar ado ba ce. Doguwar mota idan tana gudu iska kan ja ƙura da hayaƙin salansa zuwa bayanta, in roba ta mutu sai su shigo ta nan, su sauka a kan masu zama a layi na uku, waɗanda galibi yara ne.

A kan kujeru ne kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kowace kujera an kwance ta har ƙashinta. Ta direba ta tsage a inda majingina ke haɗuwa da mazauni, shi ya sa take karkata hagu. An yi mata walda an ƙara ƙarfe. Wayoyin sifirin da suka karye an canza su, ba ɗaure su da igiya aka yi ba. A kan sifirin sun shimfiɗa buhun algarara kafin soso, don kada waya ta riƙa yanka soson a hankali har ta kai ga mai zama. Layin dogon da kujera ke zamewa a kai an wanke shi da kalanzir an sa sabon giris.

Soso shi ne wurin da aka fi cutar masu mota, domin ba a ganinsa bayan an rufe. Soson katifa mai araha yana da laushi a hannu, amma wata kaɗan ne zai kwanta ya zama kamar tabarma. Ga hanyar ganewa ba tare da gardama ba: falle mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, kaurin santimita 5, idan nagari ne na zama, zai kai kilo 3 ko sama. Wanda bai kai kilo 2 ba na matashin kai ne. Shagon ya sa mai nauyin a mazauni, ya ɗora siririn mai laushi na santimita 1 a sama, ya sassaƙa gefuna da wuƙa har suka yi tudun da kujerar 504 take da shi tun asali. Majingina kuma an sa mata mai ɗan sassauci, haka ya kamata.

Wajen yanka, tsohuwar rigar suka farke ɗinki bayan ɗinki, suka sa wa kowane yanki alama da alli, suka yi amfani da shi a matsayin ma'auni. A nan gwaninta take, saboda tsohuwar leda ta riga ta miƙe a wani wuri ta ƙanƙance a wani, wanda ya kwafe ta yadda take zai fitar da riga mai kumburi. Maigidan yakan ɗauki gefen da bai lalace ba, ya juya shi ya fitar da ɗaya gefen. Leda mai faɗin mita 1.40 suka saya, kujerun layi uku suka ci kusan mita 12, allunan ƙofofi da gefunan baya kuma kusan mita 4. Keken da suke ɗinkin leda da shi irin wanda ƙafarsa ke tafiya tare da kayan ne, don haka sama da ƙasa ba sa gocewa juna. Tazarar ɗinki milimita 4 zuwa 5. In ta yi ƙanana, allura kan jera hudoji kusa da kusa, leda ta yage a kan layin da zarar mai jiki ya zauna. Zaren foliyesta ne mai kauri, wanda ya fi zaren nailan jure rana, na auduga kuwa ba a ma maganarsa. Rigar an ɗaure ta ga ƙashin kujera da zobban ƙarfe, kusan kowane santimita 8, an fara daga tsakiya ana ja zuwa gefe. Babu tattara ko ɗaya a kujerun gaba da na tsakiya. Ta layi na uku tana da 'yar yamutsa a kusurwa, inda ba mai lura.

Shawarar da suka bayar kan launi ma daidai ce. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40, baƙar leda kuwa a motar da ta yini a rana ba ta zaunuwa. Ruwan ƙasa mai haske aka zaɓa, aka sa yadi mai kauri a tsakiyar mazauni da majingina don ya sha gumi, leda ta tsaya a gefuna inda ake gogawa wajen shiga da fita. Mai motar ya so a sa fatar garin Marwa, maigidan ya hana. Jimar Marwa sananniya ce, amma fatar akuya da ta tunkiya ƙanana ne kuma sirara, kujera ɗaya sai an yi ta haɗe-haɗe, ga rini da kan zuba a kan farar riga idan an yi gumi. An yi amfani da ita a rigar sandar giya da ta birkin hannu, kuma ta yi kyau a nan.

Allunan ƙofofi sun zo a kumbure saboda ruwa. An yanka sababbi da siririn katako na milimita 3, aka shafa masa fenti ta baya, aka huda ramukan maƙalai daidai da na tsohon. Sun mayar da ledar da ke tsakanin ƙarfen ƙofa da allo, wadda kusan duk bakaniken da ya gyara gilas yakan yage ya yar, alhali ita ke hana ruwan da ke gangarowa ta bakin gilas jiƙa allon. Ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa, inda ruwa ke fita, su ma an tsokale su. Aibi ɗaya a nan: inda maƙalan roba suka ƙare, yaran sun ɗaure da sukurori ta waje, kawunansu na ƙyalli a kan sabuwar leda. Mai mota ya sayo maƙalan da yawa tun kafin a fara, domin tsofaffin karyewa suke yi wajen cirewa.

Rufi ne ya fara nuna iyakar shagon. Ledar rufin irin waɗannan motoci a rataye take a kan sandunan ƙarfe da ke gicciye, kowace sanda da tsawonta da lanƙwasarta, kuma sun yi daidai da suka sa musu lamba kafin cirewa. Ɗinkin aljihunan da sandunan ke shiga ma ya fita. Matsalar biyu ce. Ta farko, bakin ledar ya kamata ya shige ƙarƙashin robar gilas ɗin gaba da ta gilasan baya, wanda ke nufin sai an cire gilasan. Su ba su cire ba, tsoron kada tsohon gilas ya fashe a hannunsu, sai suka yanke ledar a bakin roba suka manna. Ta biyu gam ne. Irin na gwangwani da ake manna takalmi da shi suka yi amfani da shi wajen liƙa abin tare zafi a jikin ƙarfen rufin, shi kuwa yana sakin jiki idan ƙarfe ya ɗau rana. Kafin zafi ya wuce, abin ya saki ya kwanto a kan leda, rufin ya yi tumbi a saman layi na biyu, kusurwar dama ta gaba kuma ta fara ɗagowa. Da aka koma sun gyara ba su karɓi ko sisi ba, amma da gam ɗin da mai motar ya kawo, wanda aka rubuta a jikinsa yana jure zafi. Duk wanda zai ba su rufi, ya zo da gam ɗinsa, ya kuma kira mai gilas ya cire ya mayar, da sabuwar roba. A shafa gam a fuska biyu, a bar shi minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Yaran shagon ba su cika haƙurin wannan jira ba sai maigidan na tsaye.

Dashbod kuwa kada a ba su. Na motar ya tsattsage saboda rana, suka shimfiɗa leda a kansa yana ɗaure a mota. Tsagogin duk sun fito ta cikin ledar, kuma ledar mai sheƙi ce, da rana hotonta ke fitowa a gilas yana damun direba. Aikin yana buƙatar a cire dashbod ɗin, a buɗe bakin tsagogi a cike su, a goge da samfefa, a sa soso na milimita 3, sannan a ja leda marar sheƙi da ɗumi. Ba su da kayan wannan aiki. Samun na gwanjo mai lafiya ya fi sauƙi, a riƙa rufe shi da ƙyalle idan an ajiye mota.

Kafet ba shi da abin faɗa da yawa. An yanka shi gida-gida, an ɗinke bakinsa, ba a manne shi da daɓe ba, don a iya ɗagawa a shanya. Daga bayan layi na uku zuwa ƙofar baya roba suka shimfiɗa, wadda ta fi dacewa da buhun masara da jarkar mai. Bel ɗin kujera da ya tsufa sun ƙi ɗinke shi, sun ce a sayo wani, kuma sun ware notinansa daban, da yake zaren murɗinsu na inci ne, 7/16, wani noti ba ya zama a ramin sai dai ya ci zaren.

Kuɗin aikinsu ya ɗara na masu zura riga sosai, kuma rabi suke karɓa kafin alƙalami. Sun yarda mai mota ya sayo leda da soso da kansa, abin da ba kowane shago ke so ba. Ranar da suka ɗiba ba ta cika zama ranar karɓa ba, musamman in an ɗauke wuta, ko in sallah ta matso aikin kushin na gidaje ya yi musu yawa. A kai mota bayan sallah. Wajen adana ƙananan kaya ma akwai sakaci, komai a bokiti ɗaya ake zubawa. Kafin a bar musu mota a ɗauki hoton kowace ƙofa da waya, a cire fitilar rufi da madubin ciki da murfin rediyo a tafi da su gida, sauran kuma a sa yaran su ƙulla na kowace ƙofa a ledarsa, a rubuta gaba ko baya, hagu ko dama.