Tarar gudu a Faransa: yadda na tsaya gaban alƙali

Yaya, assalamu alaikum. Ina gida, ina iyali, ya jikin Inna? A gaida mini mutanen tasha duka.

Ka tambaye ni a waya wace shari'a ce ta kai ni gaban alƙali, har Inna ta kwana ba barci. Ku kwantar da hankalinku, maganar gudun mota ce, kuma ta ƙare. Amma kai da ka shekara ashirin kana tuƙi tsakanin Maraɗi da Damagaram, ya kamata ka ji yadda abin yake a nan.

A Faransa ba lalle sai ɗan sanda ya hura maka usur ba. Tun 2003 suka fara kafa na'urorin auna gudu a bakin hanya, ana ce musu rada. In ka wuce ƙa'ida sai ta ɗauki hoton lambar motar, bayan ƴan kwanaki takarda ta iske ka har gida daga wata cibiya da ke birnin Ren. Haka tawa ta zo. An auna motata tana gudun kilomita 63 a cikin gari, inda doka ta ce 50. Sukan rage 5 saboda kuskuren na'ura, don haka aka rubuta 58. Tara yuro 135, wato jika 88 da rabi a kuɗinmu. In ka biya cikin kwana 15 ta sauko 90, in ka yi biris kwana 45 suka wuce ta hau 375, kusan jika 246. Lissafa buhun hatsi nawa ke nan a babbar kasuwa bayan kaka.

Kuɗin ma ba shi ya fi tayar mini da hankali ba. Permi, wato lasin tuƙi, a nan maki 12 gare shi, a laifuka da yawa ana zabtare wani abu, ranar da suka ƙare permin ya mutu. Wannan laifin maki ɗaya ne. Ni kuwa da motar kamfani nake raba kaya, permina shi ne gonata. Ga shi kuma ba ni ke tuƙi ba ranar. Asabar ce, ina wurin aiki tun asuba, na ba ƴan uwa aron tawa motar saboda bikin wani ɗan ƙasarmu a nan Liyon. Mutum uku suka karɓi sitiyari a yinin, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai tuna wa ya bi wannan titin ba.

Wani dattijo ɗan Tasawa da ya daɗe a ƙasar ne ya riƙe hannuna, ya ce kada in kuskura in biya. Biyan tara a dokarsu amsa laifi ne, da ka biya an rufe magana, makin ya tafi. Wanda ke da ja yana da kwana 45 ya kai ƙorafi, ta intanet ko ta wasiƙar da ake sa hannu a karɓa. Sai dai dole ka fara ajiye kuɗin ajiya daidai da tarar, cikakkun 135. Wannan sharaɗin bai kwanta mini ba har yau. Mai hali ya ajiye bai ji komai ba, talaka kuwa da ke jiran ƙarshen wata sai ya ga gara ya biya 90 ya huta, ko da gaskiya na hannunsa. Ni dai kuɗin da na ware na gyaran rufin ɗakin Inna na ajiye, shi ya sa kuka ji shiru a lokacin.

Na nemi hoton, suka aiko. Daga baya aka ɗauki motar, ba a ganin fuskar kowa. Na karɓo takardar da ke nuna sa'ar shigata da fitata daga aiki, shugabana ya sa hannu. Sai jira. Wata bakwai babu labari, babu kuma ofishin da za ka je ka gaisa da wani ka tambaya.

Ranar zama na ɗauki hutun da ba a biya. Kotun ƙananan laifuka ce, alƙali ɗaya, mace, a gefenta jami'in ƴan sanda da ke tsayawa a madadin gwamnati. Ɗakin cike, akwai mai kwat da lauyansa, akwai leburan gini da ƙurar siminti a takalmi, kowa a benci ɗaya yana jiran a kira sunansa. Ban ɗauki lauya ba, don ladansa ya fi tarar. Da ban iya faransanci ba da sun kawo mini tafinta kyauta, doka ce. Kafin a zo kaina na ga wani ya ce matarsa ce ke naƙuda shi ya sa ya yi gudu, amma bai zo da ko takarda ɗaya daga asibiti ba. Alƙaliyar ta saurare shi har ƙarshe, ta ci shi tara fiye da ta farko, da kuɗin kotu a kai. Jikina ya yi sanyi, don na yarda da mutumin, fuskarsa ba ta maƙaryaci ba ce. Amma a nan abin da hukuma ta rubuta shi ne gaskiya, sai ka rushe shi da takarda ko da shaidu. Rantsuwa ba ta aiki.

Tawa ba ta kai minti goma ba. Ta tambaye ni wa ya tuƙa, na ce ban sani ba, Allah ne shaidata. Ta duba hoton, ta duba takardar aiki, ta dubi sa'ar da rada ta rubuta. Dokar ta ce mai mota shi ke biyan kuɗi ko da ba a gane direba ba, sai in ya nuna ba zai yiwu shi ne ba. Ta ce na nuna. An wanke ni, makina na nan, kuɗin ajiya kuma na cike takarda aka maido mini bayan makonni.

Ina fitowa kai na tuna, Yaya, da ranar da aka riƙe takardun motarka a hanya yini guda, fasinja na zaune cikin rana, har sai da ka ba da na goro ba tare da rasit ba. A gida akwai abin da babu a nan: mutum zai dubi furfurarka, ya ji uzurinka, ya ce tafi Allah ya kiyaye. Ina kewar wannan ƙwarai. Amma wanda ba shi da kowa, ba shi da na goro, ina zai kai kukansa? Abin da nake wa Maraɗi fata shi ne direba da ɗan kabu-kabu su san farashin kowane laifi a rubuce, a ba su rasit, a kuma nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa in an zalunce su. Gudu kuwa ba na kare shi, kai ka fi ni sanin gawa nawa aka kwasa tsakanin Cadawa da Gazawa.

Kuɗin rufin na aiko jiya. A sayi kwano mai kauri kafin ruwa ya sauka, kuma a ce wa Inna ina nan lafiya.