Daga Sakkwato zuwa Jidda ko Madina: wanne ya fi nisa a jirgi?

Malam, ka tambaya tsakanin Jidda da Madina wanne ya fi nisa daga filin jirgin saman Sultan Abubakar III, kuma awa nawa ake yi a sama.

A miƙe, Sakkwato zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kusan kilomita 3,700 ne. Zuwa filin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz na Madina kuwa kusan 3,850. Manyan jiragen da ke jigilar alhazai suna cin kilomita 850 ko makamancin haka a awa ɗaya, don haka ratar kusan minti goma ce kawai. In aka haɗa da hawa da saukowa da jiran izinin sauka, ko wanne kusan awa biyar ne.

Wannan lissafin miƙaƙƙiyar hanya ce, wadda ta ratsa Nijar da Chadi da Sudan kafin a tsallake Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage ke kauce wa sararin samaniyarta, kuma zagayen yana ƙara lokaci da mai. Iska ma tana da tata rawa: ta baya tana rage lokaci, ta gaba tana ƙarawa, shi ya sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai. Ga kuma zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi mai nauyi da sauƙi, sanyin dare ya fi masa.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa biyar, zai sauka ƙarfe 5 na asuba agogon can, sai a zaci awa bakwai aka yi.

Ainihin bambancin yana ƙasa. Daga filin Jidda zuwa Makka bai wuce kilomita 100 ba, amma wanda zai zarce Makka sai ya shirya haraminsa tun daga gida ko cikin jirgi, don za a wuce miƙati ana sama. Wanda ya sauka Madina ba shi da wannan gaggawar, a Zul-Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, zai ɗaura harami ranar fita zuwa Makka, sai dai kusan kilomita 450 na jiransa a mota ko jirgin ƙasa na Haramain.

Ga dattijo ko mara lafiya na fi son saukar Madina, don ya huta kwanaki kafin ɗawafi da sa'ayi. Mai zuwa Umara da zai bi ta Abuja kuma ya ƙara kusan awa ɗaya a sama, ban da zaman jiran canjin jirgi.