Toyota Carina E: sharhin wanda ya daɗe yana hawanta

Carina E tana cikin motocin da suka fi daɗewa a kan titunan Arewa, kuma bayan shekarun da na yi ina hawan tawa, mai injin 1.6 da giyar hannu, ra'ayina shi ne sunan da ta yi na juriya ba a banza ta same shi ba, amma tsufa ya kai matsayin da sunan kaɗai ba zai isa hujjar saye ba.

Kamfanin Toyota ya fara fitar da Carina a Japan a shekarar 1970, tare da Celica. Sai dai waɗanda muka sani a nan, wato Carina II da Carina E, asalinsu Corona ne da aka sauya wa suna domin kasuwar Turai. An yi Carina E daga 1992 zuwa 1997, kuma ita ce motar farko da masana'antar Toyota ta Burnaston da ke Ingila ta ƙera, kafin Avensis ta gaje ta. Saboda haka da yawa daga cikin waɗanda suka shigo mana ta Kwatano a matsayin 'yan Beljiyam, zanensu na Japan ne amma haɗin Ingila.

An fitar da ita iri uku: mai but, mai ƙofar baya da ke ɗagawa tare da gilashi, da kuma wagon, wadda masu haya suka fi so saboda ɗaukar kaya. Injinan fetur sun haɗa da 4A-FE na lita 1.6, da 7A-FE na 1.8, da 3S-FE na 2.0, sannan akwai mai shan man dizal, wato gas.

A wurin injin ne motar ta fi burge ni. Ba ya shan mai sosai, ba ya kuma buƙatar kwamfuta kafin a gano ciwonsa, domin kusan duk bakaniken da ya ƙware yana gane matsalarsa daga jin ƙara kawai. Ko da bel ɗin tayamin ya tsinke a hanya, an ƙera injin ta yadda fistin ba ya bugun bawul, don haka asarar ba ta wuce sayen sabon bel da kuɗin aiki. Kayan gyara kuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, ba a shan wahalar samunsu, ko da yake masu kyau na asali sun fara ƙaranci, jabu kuma sun yawaita.

Ƙarfinta matsakaici ne. Idan an cika ta da mutane aka kunna na'urar sanyi, sai direba ya yi haƙuri kafin ya wuce babbar mota a hanyar Zariya. Abin da ya fi cin kuɗina shi ne robobin ƙafa da shokozoba, waɗanda ramukan hanya ke gajiyarwa, sai tiyon lagireto da wayoyin lantarki da zafi ya busar.

Mafi ƙuruciya a cikin motocin Carina E ta doshi shekara 30. Duk mai niyyar saye ya sa a ɗaga ta a duba ƙasan bodi saboda tsatsa, ya tayar da injin da sassafe ya lura da launin hayaƙi, ya kuma tambaya ko ta taɓa yin haya, domin wadda ta yi jigila tsakanin garuruwa yawanci an riga an sauke injinta.