Na sauka ramin kwal na Big Pit a Wales

Asabar ɗin da ta wuce muka tashi daga Kadif, babban birnin yankin Wales na Birtaniya, zuwa Blaenavon, wani ƙaramin gari a kan tudu a kudancin Wales, don mu ga Big Pit, tsohuwar mahaƙar kwal da ta yi aiki daga 1880 zuwa 1980, aka mayar da ita gidan tarihi a 1983.

Kafin a sauka sai an karɓe waya da ashana da agogo mai batir, domin iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Aka ba mu hular kwano mai fitila da wani bel mai nauyin tsiya, sannan keji ya zura mu ƙasa mita 90. Gaskiya sai da na yi salati.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai yi mana jagora, wani dattijo da ya ci ƙuruciyarsa yana haƙar kwal. Ga barkwanci, sai dai Turancinsa na mutanen wannan yanki sai na kasa kunne sosai nake tsintar rabi. Da muka iso wata ƙofar katako ya ce kowa ya kashe fitilarsa. Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, ko tafin hannuna ba na gani. Ya ce a nan ake zaunar da ƙananan yara wuni guda suna buɗewa da rufe ƙofofin iska, kafin dokar 1842 ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa. Minti ɗaya muka yi, na ƙosa.

Mun ga bargar dawakan da ke jan kwal, har yanzu sunayensu na jikin garu. A 1923 mutum 1,399 ne ke aiki a wannan rami, amma ba a gina musu wurin wanka ba sai 1939. Kafin nan haka suke komawa gida baƙi ƙirin, matansu su dafa ruwa su cika baho a gaban murhu. Wannan ɗakin wankan ma ya cancanci a leƙa shi.

Wanda zai je ya tafi da rigar sanyi da takalmi mai ƙwari. Ba a sauka da yaron da bai kai mita ɗaya ba. Dogaye kuma su shirya sunkuyo, ni sau uku rufin ramin ya ƙwale min hula.