Swift da Objective-C a manhaja ɗaya: ina ya kamata ka ajiye konstan ɗinka?

Tun da Apple ta fito da sabon harshen rubuta kod na Swift a 2014 manhajojin iOS da yawa suka zama gauraye, tsohon kod na Objective-C a gefe, sabo na Swift a gefe, kuma duka biyun suna buƙatar abubuwa iri ɗaya da ba sa canzawa, wato konstan, kamar adireshin saba ko sunan sanarwa ko tsawon lokacin jira. Rubuta su sau biyu kam kar ma ka fara, wata rana za ka gyara ɗaya ka manta ɗayan.

To hanya ta farko, kuma wadda ni nake ganin ta fi, ita ce ka ajiye su a ɓangaren Objective-C. Ka sa extern NSString * const a fayil ɗin .h, ka ba shi ƙimarsa a .m, sai ka shigar da .h ɗin cikin bridging header, wato fayil ɗin da ke nuna wa Swift kod na Objective-C, shike nan Swift ya gan shi kai tsaye ba wata wahala. In jerin lambobi ne yi amfani da NS_ENUM, Swift zai ɗauke shi a matsayin enum nasa sak, wato jerin ƙimomi masu suna. Shi kuwa #define, wata hanyar sa wa ƙima suna a Objective-C, yana wucewa ne kawai in mai sauƙi ne, lamba ɗaya ko rubutu ɗaya, da zarar ya zama mai karɓar wani abu kamar fankshin to Swift ba ya ganinsa sam, ba kuma zai yi maka gargaɗi ba sai ka zo kiransa.

Akwai masu son komai ya koma Swift, na gane, amma nan ne tarkon yake. In ka rubuta let, kalmar ayyana konstan a Swift, a saman fayil waje da kowane aji, Objective-C ba zai gan shi ba, struct ma haka. Dole ka yi aji mai gadon NSObject, ka sa static let da @objc a gabansa, sannan ya bayyana a fayil ɗin -Swift.h da Xcode, manhajar Apple ta rubuta kod, ke haɗawa da kansa. Enum mai @objc kuma sai na lambobi, na String ba ya tsallakawa. Wannan hanyar ta dace da wanda yake kan kwashe tsohon kod ɗin a hankali, ragowar Objective-C ɗin ba yawa.

Fayilolin saiti na Info.plist da xcconfig fa? Suna da amfani in ƙimar tana bambanta tsakanin sigar gwaji da wadda za a saki, amma kuskuren harafi ɗaya a sunan makullin ba za ka sani ba sai manhajar tana aiki ta dawo maka da nil, wato babu komai.

Sai kuma rubuta komai a fayil ɗin JSON guda, wani ɗan sikirif ya riƙa fitar da kod na harsunan biyu lokacin bil, wato haɗa manhajar. In kana da Android ma a gefe da Kotlin, ko konstan ɗin sun yi yawa sosai, ya biya wahalarsa. In 'yan kaɗan ne kawai, ka bar shi, .h da .m sun ishe ka.