Kundin hotunan Kumasi da na saya wa Yaya

Yayana ya bar Kumasi ta ƙasar Ghana a 2006, yana Hambug ta ƙasar Jamus, kuma har yau takardu ba su bar shi ya leƙo gida ba. In ya kira, bayan gaisuwa da tambayar jikin Mma, sai ya shiga tambayar gari. Wai da gaske an rushe tsohuwar kasuwa? Tashar motar Kejetia ina aka kai ta? Nakan ɗauki hoto da waya in tura masa, sai ya ce bai gane wurin ba, in nuna masa ta inda ake shigowa daga Alabar. To yaya zan nuna masa, alhali hanyar da ya sani babu ita?

A bes ɗinmu na shayi wani ya ba ni labarin wani dattijo mai hoto a wajen Asawase. Hoton suna da biki da na fasfo ne abincinsa, amma kusan shekara ashirin ke nan yana bin ayyukan gwamnati a garin nan yana ɗauka, ba wanda ya aike shi, ba wanda ya biya shi. In kana so, sai ya zaɓo wasu ya wanke, ya haɗa maka kundi. Na ba da aikin guda biyu, ɗaya na Yaya, ɗaya na gida, kowanne sidi 450, hotuna 84 a ciki. Ba zan ambaci sunansa ba, don akwai inda zan taɓa shi, kuma sa'an mahaifina ne.

Abin da ya sa kuɗina bai ƙone ba shi ne shafukan Kejetia. Dabarar mutumin ba wata mai wuya ba ce, haƙuri ne kawai. Ya samu barandar wani bene a Roman Hill, inda ake hango kasuwa daga sama, ya riƙa komawa can shekara bayan shekara, ya tsaya inda ya tsaya bara, ya ɗauka. Hoton farko kwanon rufi ne mai tsatsa iya ganinka, rumfa na goga rumfa, ga layin dogo ya ratsa tsakiya mata sun baza kaya a kansa. Ka juya shafi, 2015, an kewaye tashar mota da kwano, an kwashe trotro, wato motocin haya. Ka sake juyawa, ginshiƙan ƙarfe sun tashi, kamfanin nan na Brazil yana aiki. Haka har rufi ya hau, aka samu kasuwar nan mai shaguna sama da 8,000 da mutanen gari suka laƙaba wa Dubai. Har hayaƙin gobarar watan Maris na 2023 yana ciki, daga wannan barandar dai. Da yake wurin tsayuwa bai canja ba, idonka kan riƙe wani tsohon gini a gefe ya auna sauran da shi. Wannan ne hoton wayata ya kasa yi wa Yaya.

Ranar da na kawo kundin gida, Mma ta sa tabarau ta zauna da shi tun bayan la'asar har aka kira magariba. Ta yi shekaru tana sayar da atamfa a tsohuwar kasuwa. A cikin tarin kwanon da ni ban ga bambancinsa ba, sai ta ɗora yatsa ta ce, “Ka ga wannan rufin da aka danne da taya? Na maƙwabciyata ne, Allah Ya jiƙan ta. Nawa ne na bayansa.” Ta bi layi-layi tana kiran sunan masu rumfa, wasu sun koma Race Course da aka tashe su, wasu sun bar kasuwanci, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ban taɓa jin wannan lissafin daga bakinta ba sai ranar.

Shafukan kashi na biyu na kasuwar kuwa dariya suke ba ni, irin dariyar da ba ta kai ciki. An ɗora harsashi a 2019, an rushe rumfuna, ginshiƙai sun tashi, sai aiki ya tsaya da ƙasa ta faɗa matsalar bashi. Dattijon bai daina zuwa ba. Hotuna uku a jere, gini bai motsa ba, ciyawa ce ke ƙara tsawo, sai fastocin 'yan siyasa da ke jikin kwano suna sauya fuska. Haka ya yi wa ginin haihuwa na asibitin Komfo Anokye, wanda mu muke kira Gee. An fara shi a 1976, tun ba a haifi Yaya ba, ya tsaya kango fiye da shekara arba'in, sannan aka rushe shi a 2021 don an ce ginin ya raunana, aka soma sabo. Yana da hoton kangon, yana da na ranar da katafila ke cinsa.

Sauran manyan ayyukan duk suna nan: gadar Asafo da aka buɗe a 2007, filin ƙwallon Baba Yara lokacin da ake gyara shi don gasar cin kofin Afirka ta 2008, gadar Sofoline da ta ja shekaru, da sabon ginin filin jirgin sama da aka buɗe a 2024 aka sa masa sunan Prempeh I. Ba su kama ni kamar na kasuwa ba, don irinsu ake gani a jarida. Amfaninsu kwanan wata ne, wanda yake rubutawa ƙarƙashin kowane hoto. Na kai kundin bes sau ɗaya, ana tsakiyar musun da ba ya ƙarewa tsakanin 'yan lema da 'yan giwa, wato magoya bayan jam'iyyun NDC da NPP, kan wa ya fara, wa ya gama. Shekarun da ke rubuce suka nuna kusan kowane aiki wannan gwamnati ta fara, waccan ta buɗe, ko ta bari. Musu bai mutu ba, amma ya yi sanyi na kwana biyu.

Yanzu ga inda raina bai so ba. Ya ce kwana goma, sai da na yi sati biyar ina sintiri: yau an ɗauke wuta, gobe takarda ta ƙare a wurin masu wankewa. Hotunan farko, na zamanin fim, sun yi ja kamar an jiƙa su da zoɓo, bai gyara launinsu ba. Ɗaurin kundin gam ne kawai, na gida har shafi biyu sun fara ɓallewa, don haka na kai na Yaya aka ɗinke shi kafin in aika. Bayanin ƙarƙashin hoto duk da Turanci ne, babu Hausa ko layi ɗaya, alhali mu ne masu saye, sai ni na riƙa karanta wa Mma. A wuri ɗaya ma ya rubuta Aboabo No. 1, alhali duk ɗan unguwa ya san No. 2 ce. Na nemi ya tura mini hotunan a waya ya ƙi, ya ce in ya ba mutum ɗaya ya ba duniya. Wannan kam ban ga laifinsa ba.

Babban ƙorafina ba na takarda ba ne. Cikin hotuna 84, tara ne kacal na zongo. Akwai Babban Masallacin Kumasi kafin gyara da bayan an buɗe shi a 2023, sun yi kyau ƙwarai. Akwai rafin Aboabo ya cika ya shiga gidaje, leda na yawo. Sai filin ƙwallo mai ciyawar roba. Shi ke nan. Tun 2012 aka cire Asokore Mampong, yankin da unguwanninmu suke, daga cikin Kumasi aka ba ta majalisarta, kuma a gabanmu gidaje suka cinye gonakin Sawaba, Sepe da Parkoso, amma ko hoto ɗaya babu. Na ce masa, “Baba, mu fa? Ai mu ma garin muke.” Ya ce, “Ɗana, ni aiki nake bi. Inda aka kawo katafila, nan nake zuwa.” Maganar ta zauna mini, don amsa ce da ta fi tambayar nauyi. Duk da haka ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Girman unguwanninmu ba katafila ta kawo shi ba, bulo ne ɗai-ɗai, kuɗin ɗan da ke waje, ɗaki a kan ɗaki. Kuma yana son fili fes, yakan jira mutane su wuce kafin ya danna. Kasuwar Kumasi babu kayaye, mata 'yan dako, da kwano a ka, babu mai pragya, keke mai ƙafa uku, yana ƙaho, ai ta zama kamar zanen injiniya.

Duk da haka, wanda ke da ɗan'uwa a waje ko tsohuwa a gida, ya saya, amma ya ba da aikin wata biyu kafin ranar da yake buƙata, kuma ya kai a ɗinke masa.

Da saƙon ya isa Hambug, Yaya ya kira ni wajen ƙarfe ɗayan dare, kundin a buɗe a cinyarsa, yana neman kes ɗin mai gyaran agogo da ya yi wa yaron shago a bakin tasha. Mun same shi a shafi na 12, rabinsa a bayan wata mota. Sai ya tambayi layinmu na Aboabo, na ce babu. Da safe na tuna cewa dattijon ya ɗauki sunan rabin yaran unguwar nan, kuma a bayan kowace mai jego da 'yan rakiyarta akwai bango, kwata da kan layi. Na koma na tambaye shi ko tsofaffin fim ɗin suna da biki suna nan. Ya nuna mini kwalaye huɗu a saman kabad, ƙura ta rufe su, ya ce in zo bayan sallar Juma'a, in taho da tsumma.